Albashi ya shigo, amma me ke da sunanki?

Mutumin da ya san Gusau ya san cewa da sassafe tituna na cika da mata masu tafiya aiki: malaman makaranta, ma'aikatan jinya masu nufar Asibitin Tarayya ko Asibitin Yariman Bakura, ma'aikatan sakatariya da na bankuna. Wannan ba abin mamaki ba ne a garin da ke da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha wadda mata zalla take ɗauka, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013, ga kuma Kwalejin Kimiyyar Lafiya a Tsafe da ke yaye ma'aikatan lafiya. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, mata masu ɗaukar albashi sai ƙaruwa suke yi. Sai dai ka tambayi wadda ta yi shekara goma sha biyar tana aiki, me ta mallaka wanda takardarsa ke ɗauke da sunanta? Sau da yawa amsar ba ta da daɗin ji.

Ba wai albashin ba ya zuwa ko'ina ba ne. Yana zuwa kuɗin makarantar yara, maganin mahaifiya, anko, gudunmawar biki, kayan ɗakin ƙanwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota daga Bunguɗu ko Tsafe zuwa Gusau kaɗai ya isa ya cinye kaso mai tsoka, kuma a 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari. Taimakon gida alheri ne, ba mai musun haka. Matsalar tana inda taimako ya rikiɗe ya zama wajibi, har a manta cewa a shari'ar Musulunci dukiyar mace tata ce, sadakinta da gadonta da guminta, kuma ci da sha da sutura da muhalli suna wuyan miji ko da ita ta fi shi samu. A jihar da ta fara ƙaddamar da shari'a a 1999, bai kamata wannan ya zama baƙon zance ba. Amma har yanzu akwai ma'aikaciyar da katin cirar kuɗinta ke aljihun maigida ko na yayanta, lambar sirri ma su suka sani, ita sai dai ta ji ƙarar saƙo a waya.

Inda aka fi cutuwa shi ne wajen sayen kadara. Mace ta tara kuɗi shekara uku, ta ba wani namiji na gida ya sayo mata fili a bayan gari, saboda kunya ko don “mace ba ta shiga cinikin fili”. Shi kuma ya rubuta takarda da sunansa, watakila ba da wata mugunta ba. Ranar da ya rasu, filin ya faɗa cikin gado, kuma alƙali takarda da shaidu zai nema, ba labarin wanda ya biya ba. Haka batun yake idan ta zuba kuɗi a ginin gidan miji ba tare da an rubuta ko bashi ne, ko kyauta, ko tarayya ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Wadda ta ce a rubuta ba ta zargi kowa ba. Takardar ciniki da cikakken sunanta, sa hannun shaidu da mai unguwa, sannan a bi ta hukumar filaye a yi rajista: wannan ne ke raba “filina” da “filin da na biya”.

Ajiya kuma fa? Adashi ya daɗe yana rufa wa mata asiri, kuma ba zan raina shi ba, domin yana tilasta wa mutum tarawa. Amma ba ya haihuwa, kuma mai kwasar ƙarshe tana karɓar kuɗin da darajarsa ta ragu. Idan uwar adashi ta shiga matsala, ba hukumar da za ta biya. Kuɗin da ke banki kuwa, hukumar inshorar ajiya ta NDIC tana lamunce shi har naira miliyan 5 a manyan bankuna, tun bayan ƙarin da aka yi a 2024. Mai gudun kuɗin ruwa ma ba ta da uzuri yanzu: bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, kuma tun 2017 gwamnatin tarayya take fitar da Sukuk, wanda ake iya shiga da naira 10,000. Iyayenmu gwal da tumaki suke saya, kuma sun san abin da suke yi, sai dai a Zamfarar yau ba da kiwo amana a ƙauye ya zama kasada. Wadda ta ga yadda aka katse layukan waya a jihar a watan Satumban 2021 ta kuma san kada ta ajiye komai nata a wuri guda.

Duk wannan dabara ce ta riƙe abin da ya shigo. Abin da ke ƙara shi kuwa takardar karatu ce. A aikin gwamnati mai NCE kan fara a mataki na 7, mai digiri a na 8, kuma daga nan ƙarin girma yana zuwa ne bayan shekara uku-uku idan an ci jarrabawa kuma akwai gurbi. Mata da yawa kan tsaya cak, ba don gazawa ba, sai don shekarun ƙarin girma sun zo daidai da shekarun haihuwa da reno: lokacin cike takarda ya wuce tana jego, ba wanda ya tuna mata. Malamar da ba ta da rajista da hukumar malamai ta TRCN, ko ungozomar da ta bar lasisinta ya mutu, da hannunta ta rufe ƙofa. Hutun haihuwa haƙƙi ne, dokar ƙwadago ta ba da mako 12, ba alfarmar shugaban ofis ba ce. Ga Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, da cibiyarta a Gusau, inda mace za ta yi digiri tana ɗakinta tana kuma aikinta.

Ba zan ɓoye cewa rashin tsaro ya sa lamarin ya yi nauyi ba. Bayan sace ɗaliban Jami'ar Tarayya, akasarinsu mata, daga gidajen kwanansu a Sabon Gida cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu a watan Satumban 2023, uban da ya yi jinkirin barin 'yarsa ta koma karatu ba za a kira shi jahili ba. Ma'aikaciyar da ta ƙi karɓar canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye ma tana da hujja. Amma duk asibitin karkara da ya rasa ungozoma, mata ne ke biyan farashin da rayukansu, don haka nauyin samar da masauki mai tsaro da alawus na gaskiya yana kan hukuma, ba kan ma'aikaciyar ba.

Saura fansho, wanda 'yar shekara talatin ke ganin ya yi nisa. Dokar 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin ɗari, mai ba shi aiki aƙalla kashi 10, a asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin. Ma'aikatan tarayya da na kamfanoni su riƙa neman bayanin asusun, domin ana iya cirewa a albashi ba a tura ba. Mai aiki a makaranta ko asibiti mai zaman kansa da ba ya zuba komai tana iya buɗe ƙaramin asusun fansho da kanta, tsarin da aka ƙaddamar a 2019. Sannan ta duba sunan da ta rubuta a gurbin magaji ranar da aka ɗauke ta aiki. Da yawa sun sa mahaifin da ya riga ya rasu, wasu kuma tsohon miji.