Garwa da Papenburg: Darasin da ke cikin koguna biyu

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ɗauko kaya daga Garwa zuwa Yola ya san abin da kuɗin mota da shingayen hanya suke ci daga cikin ribarsa. To amma dattawa suna iya tuna zamanin da Kogin Binuwai ne babbar hanyar. Da damina, tsawon wata uku ko makamancin haka, jiragen ruwa kan taso daga Burutu a Nijeriya ɗauke da gishiri da siminti da mai, su koma da auduga da gyaɗa.

Wannan kogi na cikin abin da ya sa Jamusawa suka ƙwallafa rai a kan Garwa. Sun kama garin a 1901, suka riƙe shi har 1915, lokacin da sojojin Ingila da Faransa suka ƙwace shi. Harkar jiragen ta ci gaba bayan tafiyarsu, sai dai yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 ya tsinke ta. A 1974 jirgin ƙasa ya iso Ngaundere, kaya suka koma bin hanyar Duwala. Daga baya madatsar Lagdo, wadda aka kammala a 1982, ta sauya yadda ruwan ke sauka, rairayi kuma ya yi ta cike kogin.

Abin lura shi ne, a can Jamus akwai garin da ya sha irin wannan matsala, wato Papenburg, a gefen Kogin Ems mai ƙarancin zurfi. A nan aka kafa kamfanin Meyer Werft a 1795, yana ƙera jiragen katako. A 1872 Joseph Meyer ya koma ga ƙarfe, abin da ya sa kamfanin ya rayu yayin da maƙwabtansa suka durƙushe. Shi ne ya ƙera jirgin Graf von Götzen a 1913, aka kwance shi, aka kai shi Tafkin Tanganyika cikin akwatuna, inda daga baya aka sa masa suna Liemba.

Da jiragen kamfanin suka yi wa kogin girma, ba a bar kogin haka ba. An yi ta yashe shi, kuma a 2002 aka buɗe madatsar da ke tare ruwa har ya kai jirgi ya wuce. A 2024 da bashi ya kusa kayar da kamfanin, gwamnatin tarayya da ta jihar suka sayi kusan kashi 80 cikin 100 nasa.

Hausawa na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kogi ba ya zama hanya sai an kashe masa kuɗi. Ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwar Garwa da Yola su haɗa baki su tunkari hukumomin ƙasashen biyu kan yashe Binuwai, domin jirgi ɗaya na ɗaukar kayan tireloli masu yawa. Allah ya sa a ji.