Manhajar R: Hanyar Zana Ƙididdiga Kyauta ga Ɗalibai

Ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu a Kwalejin Ilimi ta Jihar Kaduna da ke Gidan Waya, kusa da Kafanchan, yakan buƙaci mayar da alƙalumansa zuwa zane, amma manhajoji irin su SPSS sai an biya kuɗin lasisi.

Manhajar R kuwa kyauta ce, kuma kowa na da damar duba tsarinta ko gyara shi. Ross Ihaka da Robert Gentleman ne suka ƙirƙiro ta a Jami'ar Auckland, aka fitar da cikakkiyar sigarta ta farko a shekarar 2000.

Idan aka haɗa ta da ƙarin manhajar plotly, zanen kan amsa taɓawa. Misali, mai nazarin farashin citta kafin da bayan cutar da ta lalata gonakinta a kudancin Kaduna a shekarar 2023 zai iya nuna kowane ɗigo ya ga wata da farashi, ya kuma faɗaɗa lokacin da farashin ya sauya.

Da zarar an sauke ta, tana aiki ba tare da intanet ba. Sai dai dole ɗalibi ya koyi rubuta mata umarni.