Kuturtar Gyaɗa Da Aikin Malaman Gona A Ƙasar Wudil

Duk wanda ya ratsa kasuwar Wudil ran Juma'a zai ga amalanke da motoci shaƙe da harawar gyaɗa ana shigar da ita kara, domin masu kiwon shanu da raguna sun san babu abincin da ke gina dabba kamarta. A gefe guda kuma ga mata da 'yammata da faranti na ƙuli-ƙuli da kwalaben mai. Wannan duka alama ce ta cewa gyaɗa ba ta bar ƙasar Wudil ba, ko da yake dalar gyaɗar da aka san Kano da ita ta daɗe da gushewa. Amma dattawan Utai da Darki da Indabo da Lajawa waɗanda suka riƙe fartanya a shekarar 1975 ba su manta da daminar da aka shuka gyaɗa aka tashi da hannu biyu ba.

Tun lokacin da jirgin ƙasa ya fara ɗaukar kaya daga Kano a 1912 gyaɗa ta zama ita ce kuɗin talaka. Da ita ake biyan haraji, da ita ake aurar da 'ya'ya, da ita ake zuwa Makka. A shekarun 1960 babu ƙasar da ta fi Nijeriya sayar da gyaɗa a kasuwannin duniya. Sai fari ya zo a 1972 da 1973 ya karya manoma. Ba su gama farfaɗowa ba, a daminar 1975 sai ga cutar da manoma ke kira kuturtar gyaɗa ta mamaye Arewa. Masana sun ƙiyasta cewa ta lalata gonaki masu faɗin kadada wajen 700,000, hasarar kuwa ta kai ta dala miliyan 250. Manoma da yawa suka rasa ko irin da za su shuka a shekara mai zuwa, suka koma gero da dawa da wake. Masu cewa man fetur ne kaɗai ya rushe dalar gyaɗa ba su faɗi labarin duka ba.

Cutar ba baƙuwa ba ce. An fara rubuta labarinta a 1907 a ƙasar da yanzu ake kira Tanzaniya, kuma har yau a Afirka kaɗai ake samunta. Alamominta ba su ɓuya. Gyaɗa takan tsugune ta ƙi yaɗo, ganyenta ya ƙanƙance ya murɗe ya dunƙule wuri guda, wani lokaci ya yi ɗorawa, wani lokaci ya yi kore shar da duhu. Idan ta kama shuka tana ƙarama, to, ko an tona ba za a sami ƙwaya ba, harawar ma ba ta kai ta ɗauri.

Abin da masu bincike suka gano shi ne ƙwayoyin cuta iri uku ne ke haɗuwa su haddasa ta, kuma ba su iya tashi daga wata shuka zuwa wata da kansu. Mai ɗaukar su shi ne ɗan ƙaramin ƙwaron nan baƙi da ke taruwa a ƙarƙashin ganye da kan tsiro yana tsotsar ruwan shuka, watau darɓa, wanda ake gani a jikin wake ma. Da zarar ya tsotsi gyaɗa mai ciwo, sai ya riƙe cutar a jikinsa, duk lafiyayyar da ya sauka a kanta ya zuba mata. Masu fiffike daga cikinsu iska ke kwashe su ta kai su nesa. Akwai kuma wani abu da ya kamata kowane manomi ya sani: cutar ba ta bin iri. Ƙwayar da aka samu daga gonar da ta kamu ba ta tsirowa da kuturta. Saboda haka yaƙin duka da ƙwaron ne, da kuma wuraren da cutar ke laɓewa da rani.

A nan ne aikin ma'aikatan gona na gwamnati ya shigo. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta daɗe da nuna cewa shuka da wuri, da ruwan farko mai ƙarfi, tana sa gyaɗa ta yi ƙwari kafin darɓa ta yawaita. Ta kuma nuna cewa gonar da aka cika da shuka, ganye ya haɗe ya rufe ƙasa, ba ta jan ƙwaron kamar gonar da aka yi wa shuka tsilla-tsilla, ƙasa na leƙowa tsakanin kunya da kunya. Wannan shawara ba ta cin ko kwabo in ban da ƙarin iri, amma fa tana karo da al'adar manomi, wanda kullum gero yake fara shukawa don shi ne abincin gida, gyaɗa sai daga baya. Malamin gonar da bai fahimci wannan ba zai yi ta magana ne a banza.

Maganar iri mai jure cutar ita ce ta ɗauki shekaru. Irin farko da aka samu, RMP 12 da RMP 91, waɗanda aka fitar a ƙasar da ake kira Burkina Faso yanzu, sun jure ƙwarai, sai dai suna bukatar fiye da wata huɗu kafin su nuna. A ƙasa irin ta Wudil, inda ruwa kan ɗauke tun ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, wannan ba magani ba ne. Haka aka yi ta fama, cutar kuma ta sake ɓullowa a shekarun 1980. A 2011 aka fitar da SAMNUT 24, wadda masanan Samaru suka samar tare da cibiyar ICRISAT mai ofis a Kano. Tana nuna cikin kwana 90 ko kusa da haka, tana kuma jure kuturta. Bayanta aka fitar da SAMNUT 25 da 26. 

Ta fuskar manufa kuwa, gwamnatoci sun yi ta sauya hanya. An yi shirin ciyar da ƙasa na Janar Obasanjo a 1976, aka yi na Shugaba Shehu Shagari a 1980. A farkon shekarun 1980 Jihar Kano ta kafa hukumar KNARDA da taimakon Bankin Duniya, ta baza malaman gona ƙauyuka da babura. A 1986 Gwamnatin Tarayya ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta gyaɗa. An yi murna da haka don hukumar ta daɗe tana sayen gyaɗa da araha, amma da ita aka rushe hanyar da iri ke bi ya isa hannun manomi, da kuma masu duba ingancin kaya kafin a auna. Wannan giɓi bai gama cikewa ba. Manomi da yawa har yanzu daga kasuwa yake auno gyaɗar ci ya shuka, bai san asalinta ba. Dokar Hukumar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa ta 2019 ta tsananta hukunci a kan masu sayar da irin jabu, sai dai doka tana aiki ne inda akwai mai dubawa.

Akwai wani sabon al'amari da ya shafi Wudil musamman. Garin yana bakin kogi, noman rani kuma ya bunƙasa a fadamunsa, har wasu na shuka gyaɗa da wake da rani. Riba ce, babu shakka, kuma hanya ce ta ninka iri kafin damina. Amma a da, rani shi ne ke yanke wa darɓa da cutar hanya, don ba sa samun ɗanyen ganye in ban da gyauron da ya tsira a gonakin da aka cire gyaɗa. Yanzu kuwa ga kore daga kaka har bazara. Wannan ne ya sa ya wajaba a riƙa zagaya gonakin rani ana tumɓuke duk shukar da ta nuna alamar kuturta, a kuma share gyauro kafin ruwa ya sauka. Feshi yana kashe darɓa, amma yana da tsada, kuma maganin da aka saya a bakin hanya ba tare da lambar hukumar NAFDAC ba yakan cuci mai feshin fiye da ƙwaron.

Wudil tana da abin da ba ta da shi a 1975, watau Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote, wadda ke da tsangayar aikin gona a cikin garin. Ɗalibanta za su iya yin abin da malaman gona ƙalilan ba za su iya ba: su shiga gonakin bakin kogi a watan Afrilu da Mayu, su juya ganye su ƙidaya darɓa, su sanar da hukuma da masu unguwanni tun kafin a binne ƙwayar gyaɗa ta farko.