Gargaɗi: Ƙarfin Fadamarmu Na Bin Rafi

Jama'ar Wurma da Kurfi da Dutsin-Ma, manoma da makiyaya da masunta, a saurara da kyau. Akwai ɓarnar da ke tafe a hankali, ba ta da ƙara. A ƙarƙashin ƙafafunmu take. Kada kowa ya firgita, amma kada kowa ya yi sake.

Ƙasar fadama baƙa ce, mai danƙo, mai albarka. Damina ce ke sauko mata da laka daga tudu. Ganye da kara da kashin dabbobi su ruɓe a cikinta. Ƙananan halittun da ido ba ya gani su narkar da su, su zama abincin shuka. Shuka ta ci, ta bushe, ta koma ƙasa. Haka abin yake zagayawa tun kaka da kakanni. Yau da hannunmu muke tsinke wannan zagaye.

Wuta ce ta farko. Mun kwashe kara da harawa, abin da ya rage mun cinna masa wuta lokacin sharar gona. Naitirojin, sinadarin da ke sa ganyen masara ya yi kore shar, ya bi hayaƙi. Tokar ma iska ta kwashe. Ƙasa ta kwana da yunwa.

Sai takin zamani. Kashi 46 cikin 100 na buhun yuriya naitirojin ne. In an watsa shi a sarari cikin rana ba a binne ba, wani ya bi iska. In ruwa mai ƙarfi ya sauka, wani ya bi kwari. Fosfaras ɗin da ke cikin kamfa kuwa manne yake da ƙasa, inda ta tafi nan zai tafi. Ku tsaya bakin kwari bayan ruwan farko. Wannan jan ruwan da ke gudu, gonar wani ce da kuɗin takinsa.

Abin da ya bar gona bai ɓace ba. Yana taruwa inda ruwa ke kwanciya. Ga madatsar Zobe da aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa. Da ita ake noman rani, a cikinta ake su, a 2021 kuma aka ƙaddamar da aikin ruwan sha daga gare ta. Duk lakar da ta shiga, ta ci gurbin ruwa. Duk takin da ya shiga, gansakuka ya ciyar. In gansakuka ta mutu ta ruɓe, sai ta shanye iskar da kifi ke shaƙa. Ruwa ba ya tsami banza. A tambayi mutanen Haɗeja da Nguru. Bayan madatsun Tiga da Challawa sun sauya tafiyar ruwansu, laka ta taru, kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki.

Rijiya ma ba ta tsira ba. Takin da shuka ba ta ci ba yana nitsewa ya riski ruwan ƙasa. Ba shi da launi, ba shi da wari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada sinadarin naitiret, wanda takin ke sakewa cikin ruwa, ya wuce miligiram 50 a lita ɗaya ta ruwan sha. Jarirai ya fi cutarwa, don yana hana jininsu ɗaukar iska. Tafasa ruwa ba ya fitar da shi.

Ga kuma kanwa. Ana ban-ruwa ba magudana, rana ta ƙafar da ruwan, gishiri ya zauna. In ka ga fari-fari a kan kunya kamar an barbaɗa gari, tumatir na ƙwantsarewa, to ƙasa ta fara kuka. Su kuma masu haƙar yashi a tsakiyar rafi na ƙara zurfafa shi, ruwan fadama na gudu ƙasa, gaɓa na ruftawa.

In aka ci gaba a haka, buhu biyu ba zai yi aikin da ɗaya ke yi ba. Bashi zai ƙaru, rumbu ya ragu, matasa su tsere birni.

Maganin yana hannunmu. A binne taki, a raba shi kashi biyu ko uku. A mayar wa gona takin gida. A daina ƙona kara. A bar ciyawa da itatuwa a bakin rafi, su ne matatar ruwa. Kada a sare gawo, shi da ke zubar da ganye da damina ya takince gona. A nisanta rijiyar sha da masai da fagen ban-ruwa. Hakimai da dagatai da masu unguwanni su sa ido kan haƙar yashi. Malaman gona da masana na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma su fito su auna mana ƙasa da ruwa.

Ƙasar da ruwa ke kwashewa a dare ɗaya, ɗaruruwan shekaru take ɗauka kafin ta sake samuwa. Don Allah, 'yan'uwa, kowa ya gyara bakin gonarsa tun hadari bai haɗo ba.