Batirin Fotashiyam: Kafin Ka Bar Gona Ka Shiga Rami

Duk lokacin da aka ji labarin sabon batirin mota mai amfani da lantarki, sai zance ɗaya ya taso a majalisu da bakin kasuwa, daga Ƙanƙara har Faskari da Sabuwa: wai duk mai farin dutse a gonarsa attajiri ne bai sani ba. Jiya litiyam ne, yau an koma fotashiyam, da hujjar cewa gwamnatocin Turawa sun zuba kuɗi a kansa. Abin takaici, masu yaɗa zancen ba su ne ke shiga ramin ba, 'ya'yan talakawa ne.

Labarin yana da tushe. A watan Janairun 2023 ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ware dala miliyan 42 ga ayyukan bincike 12 kan batiran mota, kuma wani ƙaramin kamfani mai suna Project K ya samu kusan dala miliyan 2.6 don ya gwada haɗa batirin fotashiyam mai saurin caji. Amma kuɗin gwaji ne, na albashin masana da kayan aiki. Ba a ware ko sisi don sayen dutse ba. Tun 2004 ake gwada irin wannan batir, kuma har yau motocin lantarki da ke kan titi da litiyam mafi yawansu ke tafiya, domin ƙwayar fotashiyam ta fi girma da nauyi, batirinta bai kai na litiyam riƙe wuta ba.

Babban kuskuren shi ne zaton cewa fotashiyam abu ne mai wuyar samu kamar zinariya. Dalilin da ya sa ake nemansa ma shi ne araharsa. Ya kai kusan kashi 2 cikin 100 na ɓawon ƙasa, ya ninka litiyam sau ɗaruruwa. Manomin masara a Sabuwa yana zuba shi a gona kowace damina, don shi ne harafin K da ke jikin buhun takin NPK, yana kuma cikin ruwan tokar da mata ke tacewa su sa a miya. Wani zai ce ai duwatsun yankinmu na ɗauke da shi. Haka ne, amma a ɗaure yake cikin dutsen, kuma kuɗin raba shi ya fi abin da za a samu. Duniya na samun nata ne daga manyan shimfiɗun gishiri da ke ƙarƙashin ƙasa a Kanada da Rasha da Belarus, mafi yawansa kuma taki ake yi da shi. Najeriya kanta daga waje take shigo da shi don haɗa taki. Ko gobe aka buɗe masana'antar batirin, can za ta yi sayayya, ba wanda zai biyo hanyar yankinmu yana neman buhun tsakuwa. Kanwa ma da wasu ke sa rai a kanta, yawancin abin da ke cikinta sodiyam ne. Farar ƙasar Ƙanƙara kuwa tana da darajarta a aikin fenti da alli da kayan tangaran, ba ruwanta da batir.

Za a ce to ai litiyam ya yi wa wasu rana a Nasarawa, har an buɗe masana'antar sarrafa shi a 2024. Gaskiya ne. Sai dai farashinsa da ya yi tashin gwauron zabi a ƙarshen 2022 ya faɗi da kusan kashi 80 cikin 100 kafin ƙarshen 2023, wanda ya jinginar da gona a lokacin tsada ya san yadda ta kaya. Idan abin da ke da ƙaranci ya yi irin wannan faɗuwa, me ake tsammani daga wanda yake ko'ina? Maƙwabtanmu na Zamfara sun riga sun biya kuɗin wannan darasi: a 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum saboda niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, a 2019 kuma gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar baki ɗaya saboda alaƙarsa da 'yan bindiga. Yankin da ke fama da daji kamar namu ba ya bukatar ƙarin abin da zai jawo masu makami. Talauci da zaman banza su ne ke tura matasa rami, wannan kowa ya sani.

Wanda ya ga baƙon dutse a gonarsa, kada ya fara da diga. Ya ɗebi kaɗan a kai ɗakin gwajin hukumar binciken ma'adinai ta ƙasa da ke Kaduna, a ba shi sakamako a rubuce, domin dillalin da zai saya ba shi ne zai faɗi gaskiyar abin da ya gani ba. A sani cewa dokar ma'adinai ta 2007 ta danƙa duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa a hannun gwamnatin tarayya, mai haƙa ba lasisi laifi yake yi ko da a gonar gadonsa ne. Masu son sana'ar su haɗu a ƙungiya su nemi izinin ƙananan mahaƙa. Kada a dangwala hannu a takardar da ba a karanta wa mutum ba, kada a yi cinikin gona sai gaban mai gari da magada. Kada a shigo da dutse gida a daka a turmi, kada a wanke shi a bakin rijiya. Iyaye su hana yara shiga rami, musamman da damina da ƙasa ke zaftarewa. Limamai da dagatai, ku faɗi wannan a masallatai da wuraren suna kafin wani ya sayar da shanun huɗarsa.