Abin Da Ke Sa Kwamfuta Kukan Wuta Ta Yi Yawa A Kafar USB

Sau da yawa mai kwamfutar tafi-da-gidanka yakan ga manhajar Windows ta fito da gargaɗi cewa wuta ta yi yawa a kafar USB. Ya rufe saƙon, ya dawo. Ya zare filashinsa, bai daina ba. Nan take sai a ɗora laifin a kan janareta ko wutar gari, alhali kuwa matsalar tana cikin kafar ne.

An fito da tsarin USB a shekarar 1996, bisa haɗin gwiwar wasu kamfanoni da suka haɗa da Intel da Microsoft da IBM. Idan mai karatu ya leƙa cikin kafar nan mai kusurwa huɗu, zai ga wani harshen roba ɗauke da siraran ƙarafa 4. Biyun tsakiya su ke ɗaukar bayanai. Na gefe guda yana fitar da wuta mai ƙarfin bolt 5, na ɗaya gefen kuma shi ne hanyar komawarta. A ƙa'idar USB 2.0 ta shekarar 2000, na'ura ba za ta ja fiye da rabin amfiya ba, USB 3.0 ta 2008 ta ɗaga adadin zuwa amfiya 0.9.

A nan dokar da Bajamushe Georg Ohm ya bayyana a 1827 take aiki: yawan wutar da ke kwarara shi ne ƙarfin turi a raba da turjiya. Bolt 5 a kan turjiyar om 10 zai ba da rabin amfiya, daidai da ƙa'ida. To amma idan harshen roban ya karye, ƙarfen wutar ya lanƙwashe ya taɓa bangon kafar, turjiyar za ta iya faɗuwa zuwa rabin om. Lissafi zai ba da amfiya 10, wato ninki 20. Wannan ya isa ya ƙona siraran hanyoyin tagulla da ke kan allon kwamfutar. Shi ya sa ake sanya wani ɗan mai gadi, ko dai fis mai komawa daidai idan ya huce, ko ƙwayar lantarki mai yanke wuta ta kai rahoto. Rahoton ne ke bayyana a matsayin gargaɗi.

Matakin farko shi ne a zare duk abin da ke jone. Idan saƙon ya tsaya, laifin na waya ne ko na na'urar da aka jona, sai a gwada su ɗaya bayan ɗaya. Idan kuwa bai tsaya ba, a kashe kwamfutar, a cire caja da batir in yana ciruwa, a haska tocila cikin kowace kafa. Wanda ya ga guntun ƙarfe ko lanƙwasasshen haƙori ya yi amfani da tsinken itace, kada ya kuskura ya sa allura.

Wasu kan shiga cikin manhaja su kashe kafar ko su sabunta direbobinta. Wannan toshe bakin mai ƙorafi ne kawai, domin manhaja ba ta miƙe ƙarfe. Haka kuma a kwamfutoci da dama kyamara da Bluetooth ta hanyar USB suke jone daga ciki, sai a wayi gari su ma sun daina aiki.

Idan abin ya faskara, aikin ya zama na mai gyara. Zai auna da mita tsakanin ƙarfen wuta da bangon kafar. Turjiya kusa da sifiri alama ce ta haɗewa. Daga nan sai ya narkar da dalma ya cire kafar ya sake awo. In haɗewar ta ɓace, sauya kafar ya wadatar. In tana nan, to wata kapasita ko ƙwayar gadin ce ta ƙone a kan allo. A wasu kwamfutocin kafofin suna kan ɗan ƙaramin allo dabam mai haɗe da faffaɗar waya, wanda za a iya zarewa a ci gaba da aiki da sauran kafofin kafin a samu sabo.