Labaran Ƙarshen Zamani na Kirista da Yadda Masu Karatu Ke Kallonsu

Ƙagaggen labarin ƙarshen zamani wani reshe ne na adabin Kirista, inda marubuci ke ɗauko annabce-annabcen Littafi Mai Tsarki, musamman na littafin Daniyel da na Ru'ya ta Yohanna, wanda wata fassarar Hausa ke kira Wahayin Yahaya, ya zuba su a cikin rayuwar yau. Maimakon dabba mai kawuna bakwai da ƙahoni goma, sai mai karatu ya ga ɗan siyasa mai fara'a sanye da kwat. Maimakon ƙaho da hatimi, sai ya ga jirgin sama da banki da gidan talabijin. Ginshiƙin yawancin waɗannan labarai shi ne abin da Kiristoci masu jin Hausa ke kira fyaucewa, wato a ɗauke masu bi na gaskiya daga duniya farat ɗaya, a bar sauran jama'a su sha shekara bakwai ta babban tsanani a hannun Magabcin Almasihu, kafin Yesu ya dawo a bayyane.

Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne jerin littattafan Left Behind, ma'ana waɗanda aka bari a baya, na Amurkawa biyu, Tim LaHaye wanda fasto ne, da Jerry B. Jenkins wanda shi ne mai alƙalamin. Na farko ya fito a 1995, na goma sha shida a 2007, kuma an sayar da kwafi fiye da miliyan 60. Labarin ya buɗe ne a cikin jirgin sama mai tafiya Landan da dare. Fasinjoji suka farka suka tarar kujerun wasu babu kowa, sai tufafi da takalma da tabarau. Matuƙin jirgin, Rayford Steele, ya koma gida ya tarar matarsa mai ibada da ƙaramin ɗansa sun tafi, an bar shi da 'yarsa. Daga nan wani ɗan ƙasar Romaniya, Nicolae Carpathia, ya haye kujerar Majalisar Ɗinkin Duniya, ya haɗe ƙasashe da kuɗaɗe da addinai wuri guda, ya kafa hedikwata a Sabuwar Babila da ke Iraƙi. An yi fim ɗinsa a 2000, aka sake yin wani a 2014. Kafin su akwai fim ɗin A Thief in the Night na 1972, wanda aka riƙa haskawa a majami'u ƙasa-ƙasa.

Ba a fahimtar saɓanin masu karatu sai an san tushen akidar da ke ƙarƙashin labarin. Dukan manyan ɗarikun Kirista sun yarda Almasihu zai dawo, za a tashi matattu, za a yi shari'a. Amma raba dawowar gida biyu, ta ɓoye don ɗauke masu bi sannan ta sarari bayan shekara bakwai, fassara ce da ta yi ƙarfi a hannun wani malami ɗan Birtaniya, John Nelson Darby, wajajen 1830. Littafi Mai Tsarki mai sharhin Scofield, wanda ya fito a 1909, shi ya kai ta gidajen Amurka da Kanada. Daga can kuwa mishan da yawa na SIM suka fito, ƙungiyar da Rowland Bingham da abokansa biyu suka fara a 1893, wadda ta haifi ikilisiyar ECWA a 1954. Da Turawan mulki suka sassauta wa mishan shiga masarautun Arewa a shekarun 1930, ta hanyar aikin jinyar kutare, bishara ta fi samun karɓuwa a ƙasar Kano a tsakanin Maguzawan karkara. Shi ya sa yau ake samun majami'un Hausawa Kirista a ƙauyukan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, na ECWA da Katolika da Angalika da Baptis, da kuma sababbin ikilisiyoyin Fentikos. Waɗanda suka tashi a kan koyarwar mishan irin na SIM sun san kalmar fyaucewa tun daga makarantar Lahadi. Ɗan Katolika kuwa bai same ta a katikisim ɗinsa ba.

Akwai wani abu da ya bambanta mai karatu na wannan yanki da na Amurka. Da Turanci aka rubuta littattafan, kowanne kuma mai kauri ne, don haka ɗalibai da malaman makaranta da fastoci da 'yan makarantar Littafi Mai Tsarki su ne suka fi riƙe su a hannu. Sauran jama'a ta wata hanya labarin ke iso musu: faifan fim, guntun bidiyo da ake turawa waya-waya, wasan kwaikwayon da matasa ke shiryawa a majami'a, finafinan bishara na Kudu irin na kamfanin Mount Zion na Mike Bamiloye, ko kuma bakin mai wa'azi da ya karanta ya ba da labari. A bangon littafi an rubuta cewa ƙagaggen labari ne. Guntun bidiyo na minti biyu ba shi da bango. Wanda ya gan shi a wayar abokinsa a Kwanar Ɗangora, yana jiran motar Jos, ba lallai ya san fim ne ba, balle ya san fassarar wace ɗarika yake kallo.

Masu son waɗannan labarai suna da hujja, kuma ba ta raini ba ce. Ru'ya ta Yohanna littafi ne mai wuyar shiga, cike da alamu da lambobi, har wasu masu wa'azi ke kauce masa. Labari ya kan sa mai karatu ya ga abin a jere, ya san me ke bin me, sau da yawa ma ya koma ya buɗe nassin da kansa. Wasu na cewa ya farkar da su daga sakaci, ya sa sun gyara zamansu da iyali, sun koma sujada. Wasu kuma kayan bishara suka ɗauke shi, su miƙa wa ɗan'uwan da ba ya son jin wa'azi amma yana son labari. Wata mai bincike a Amurka, Amy Johnson Frykholm, ta tattauna da masu karanta Left Behind ta fitar da littafi a 2004, ta nuna cewa littafin hannu-hannu yake yawo tsakanin dangi da abokai da 'yan majami'a, kuma ba kowane mai jin daɗinsa ne ya yarda da duk akidarsa ba. Ga jama'ar da ke zaune a matsayin tsiraru, ko wadda ta sha zullumin ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane a kewayen dajin Falgore, labarin da ke cewa wahala na da wa'adi kuma azzalumi zai gamu da hukunci yana kwantar da zuciya. Ba a banza ba ne ɗaya daga cikin jerin, mai suna Desecration, ya fi kowane ƙagaggen labari kasuwa a Amurka a 2001, shekarar harin 11 ga Satumba.

Masu suka kuma ba daga waje kaɗai suke ba, da yawansu malaman tauhidin Kirista ne. Ƙorafinsu na farko shi ne an ɗauki fassara guda, wadda ba ta fi shekara ɗari biyu da yaɗuwa ba, an gabatar da ita tamkar ita ce nassin. Ayoyin da ake kafa hujja da su, kamar na wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Tasalonikawa sura 4, Katolika da Otodoks da Lutheran da Angalika da yawa suna karanta su a matsayin bayanin dawowa guda ɗaya tak. Barbara Rossing, malamar Lutheran, ta rubuta littafi guda a 2004 tana rushe wannan akida, tana mai cewa an rubuta Ru'ya ne don ƙarfafa Kiristocin da ke ƙarƙashin daular Rum, ba don ya zama jadawalin siyasar zamani ba. 'Yan Katolika suna da nasu ciwon daban, domin a cikin labarin wani kadinal ne ya zama shugaban addinin ƙarya na duniya, abin da ya sa bishop-bishop na jihar Illinois suka fitar da sanarwar gargaɗi a 2003. Wannan ba yana nufin Katolika ba su da irin wannan adabi ba. Wani limaminsu ɗan Ingila, Robert Hugh Benson, ya rubuta Lord of the World a 1907, kuma Fafaroma Francis ya sha yaba shi, sai dai babu fyaucewa a cikinsa.

Ƙorafi na biyu ya fi kusa da gida, shi ne tsoro. Yaron da ya kalli fim ɗin fyaucewa da dare, ya dawo daga gona washegari ya tarar gida shiru, uwa ta tafi rijiya, uba ya tafi kasuwa, zai iya zaton an ɗauke su an bar shi. Manya ma ba su tsira ba. Ru'ya sura 13 ta ambaci alamar dabbar, da lamba 666, da cewa ba mai saye ko sayarwa sai mai alamar. Marubutan labari sun mai da wannan wata 'yar na'ura da ake dasawa a jiki, kuma tun daga lokacin kusan duk wani sabon tsarin rajista sai an rataya masa wannan lamba. An faɗi haka a kan lambar banki ta BVN da aka ɓullo da ita a 2014, an faɗa a kan lambar shaidar ɗan ƙasa, an faɗa a kan 5G da allurar korona, aka sake tayar da maganar lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023. Manomin masara a Doguwa da ya ƙi buɗe asusu saboda wannan jita-jita shi ke asara, ba marubucin da ke Amurka ba. Tarihi kuma ya nuna inda zafin wannan tunani ke kaiwa idan ya faɗa hannun mugun jagora: ɗaruruwan mutane sun hallaka a Kanungu ta Yuganda a Maris 2000, an kuma tono gawarwaki sama da 400 a dajin Shakahola na Kenya daga 2023. Adalci ne a ce ba littattafan labari ne suka jawo waɗannan ba. Amma duka biyun daga rijiya ɗaya suke sha, wato tabbacin cewa an gano lokacin. Wani mai wa'azi, Harold Camping, ya sa 21 ga Mayu 2011 a matsayin ranar fyaucewa, rana ta zo ta wuce, alhali Matiyu sura 24 ta riga ta ce ba wanda ya san ranar.

Maƙwabci Musulmi da ya ci karo da irin wannan labari ba baƙon zancen ba ne. Ya san Dujal, ya san Mahadi, ya san Yajuju da Majuju da fitowar rana daga yamma, ya kuma yi imani Annabi Isa zai sauko ya kashe Dujal. Malaman jihadi, har da Nana Asma'u, sun yi waƙoƙin wa'azi a kan alamomin tashin ƙiyama, kuma jiran Mahadi ya motsa jama'a zuwa Burmi a 1903 da Satiru a 1906. A ƙasar Kano ma an yi Isawa a ƙarni na 19, almajiran wani Malam Ibrahim da suka fifita Annabi Isa suna jiran dawowarsa. Bayan an kashe malaminsu a Kano sai suka watsu wajen Ningi da kewaye, daga baya wasu jikokinsu suka haɗu da ɗan mishan Dakta Miller na Zariya a 1913 suka karɓi Kiristanci. To amma kamannin bai kai ko'ina ba. Musulunci bai san fyaucewa ba, kuma Musulmin da ya bi labarin Left Behind zai tarar an ɗauke masallacin Ƙubbatus Sakhra daga Ƙudus don a sake gina Haikalin Yahudawa, sannan a littafi na goma sha biyu, na 2004, duk wanda bai karɓi Yesu ba an hallaka shi da mummunar siffa. Wannan ɓangare na labarin ya jawo suka a Amurka kanta, inda marubucin jarida Nicholas Kristof ya yi tir da shi a New York Times. A garin da Musulmi da Kirista ke cin kasuwa ɗaya, wani lokaci ma kakansu ɗaya, ba ƙaramin abu ba ne a koya wa yaro kallon maƙwabcinsa a matsayin wanda za a bari a baya. Su ma Musulmi suna da nasu abin da ke yawo da rigar gaskiya, wato takardar wasiyyar wani Shehu Ahmad da aka ce mai gadin kabarin Annabi ne, wadda ake kwafa ana rabawa da barazana ga wanda ya ƙi, ko da yake malamai irin su Ibn Baz sun daɗe da bayyana ta ƙarya ce.

Ta fuskar adabi hukuncin ya fi sauƙi. Labaran suna da saurin tafiya da jan hankali, amma mutanen ciki ba su da zurfi, nagari nagari ne, mugu mugu ne. Tsoron da ke cikinsu kuma na Amurka ne: Majalisar Ɗinkin Duniya, tarayyar Turai, rasa 'yancin ƙasa. Afirka da ƙyar ake ganinta.

Abin da ya rage yana wuyan fastoci da masu bishara da malaman makarantar Lahadi da shugabannin zumuntar mata, domin su ne jama'a ke tambaya. Duk wanda zai haska irin wannan fim a majami'a ko ya ba matashi aron littafin, ya faɗa masa tun farko cewa ƙagaggen labari ne, marubutansa ma haka suka kira shi, kuma fassarar ɗarika ɗaya ce a cikin da yawa. Wanda aka turo wa guntun bidiyo a waya kuwa, ya tambayi sunan fim ɗin da shekarar da aka yi shi kafin ya tura wa wani.